Wa ya taɓa jan tirelar kwana har Inuvik? Ina neman shawara kafin in kwashi iyali

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san hanya. Bara na sayi tirelar kwana ta hannu, irin wadda ake ɗaurawa a bayan mota, ƙafa 22 ce, da gado da ɗan kicin da bayi a ciki, tafi-da-gidanka dai sosai. Mun ɗan zaga da ita nan kusa sau biyu lafiya lau. To yanzu hutun yara na bazara nake so mu yi doguwa, mu tashi daga nan Edmonton a Kanada mu bi Dawson Creek mu hau hanyar Alaska, Fort Nelson, Watson Lake, Whitehorse, Dawson City, daga nan mu kama hanyar Dempster har Inuvik can ƙarshen arewacin ƙasar, in Allah ya yarda ma mu ƙarasa Tuktoyaktuk yara su taɓa ruwan tekun Arctic da hannunsu. Na lissafa, zuwa kawai ya haura kilomita 3,000. Ni ne da maman yara da yara uku, autan shekararsa 4, kuma sati uku na samu a wurin aiki. Abin da ke hana ni barci shi ne Dempster ɗin nan, an ce ba kwalta sai burji wajen kilomita 740. In ja tirelar har can ko in ajiye ta a hanya? Wanda ya taɓa yi dan Allah ya yi magana

Ɗan Kurna:
Wa alaikumussalam. Yaya tirela kuma? irin ta ɗaukar siminti? ni fa ban gane ba

Baban Hanifa:
A'a ƙanena, ɗaki ne mai taya, motata a-kori-kura ce ita ke jan sa. Inda dare ya yi muku nan za ku tsaya ku dafa abincinku ku kwana, ba ruwanku da otal

Ɗan Kurna:
Ikon Allah. Kilomita 3,000 fa kamar ka je Legas daga Kano sau uku kenan. Allah ya kiyaye hanya

Kawu Direba:
Baban Hanifa sannu da ƙoƙari. Ni shekarata goma sha ina jan babbar mota daga Grande Prairie zuwa arewa, hanyar Alaska na san ta kamar tafin hannuna, Dempster kuma na shige ta da kaya ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Bari in raba maka maganar gida biyu.

Daga Dawson Creek zuwa Whitehorse wajen kilomita 1,400 ne kuma kwalta ce, ba abin tsoro in dai ba ka gudu. Sojojin Amurka ne suka fasa hanyar a 1942 lokacin yaƙin duniya, cikin wata takwas da 'yan kai, shi ya sa har yau akwai wuraren da take murɗewa cikin duwatsu, musamman bayan Fort Nelson zuwa tafkin Muncho. Abin da za ka kiyaye uku ne. Na farko ɓauna, irin tasu ta can mai gashi, garke guda za ka tarar sun kwanta a bakin titi wajen Liard, ba sa jin hon kuma in ka doki ɗaya motarka ta gama aiki, don haka kar ka yi tafiyar dare. Na biyu inda ƙanƙara ta kumbura kwalta ta yi tudu-tudu, za ka ga sun kafa 'yar tuta ja ko ruwan lemo a gefe, da ka hango ta ka sassauta, in ba haka ba tirelar za ta yi tsalle ta dawo ta karya maka wani abu. Na uku mai. Duk gidan man da ka gani a buɗe ka sha, ko tankinka na rabi, don wasu tashoshin da ke cikin taswira sun rufe tun tuni.

Dempster kuwa wata duniya ce daban. Tana farawa kamar kilomita 40 kafin ka shiga Dawson City, kuma daga bakinta har Eagle Plains kilomita 369 ba gidan mai ko ɗaya, ba gari, ba mai faci. Kai da kake jan ɗaki motarka za ta sha mai fiye da yadda ka saba nesa ba kusa ba, ga hawa ga iska. Lokacin ina yaron mota a hanyar Damagaram zuwa Agadas maigidana yana cewa jeji ba ya son mai lissafin daidai-wa-daida, to nan ma haka take, jarka biyu cike ko ba ka taɓa su ba.

Injiniya Fort Mac:
Kawu ya gama magana. Ni tambayata ɗaya Baban Hanifa, ka taɓa kai motar da tirelar kan sikeli da kaya a ciki? Mutane suna duba nauyin da mota za ta iya ja su manta da nauyin da za ta iya ɗauka, alhali abu biyu ne. Buɗe ƙofar direba za ka ga wata 'yar takarda a manne, nan aka rubuta iyakar lodinta. A cikin wannan lodin har da kai da Maman Hanifa da yara da jarkokin mai da safaya da kuma nauyin da bakin tirelar ke dannawa a kan ƙugiya, wanda ya kamata ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar. In ya gaza haka za ta riƙa wutsil-wutsil da wutsiya a bayanka, in ya yi yawa gaban mota ya ɗaga sitiyari ya yi sakwa-sakwa. Kuma ka tuna kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tankin ruwa cike ba ƙaramin kaya ba ne

Baban Hanifa:
Wlh Injiniya ban taɓa aunawa ba, na ɗauka tunda tana ja ba ta nishi shi kenan. Zan kai ta in sha Allah

Maman Ikram:
Slm. Mu mun yi tafiyar nan a 2022 ni da maigidan da yara biyu, kuma mun ja tamu har Inuvik, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani ba labari ba. Gsky ban yi nadamar zuwa ba ko kaɗan amma da za a mayar da ni baya ba zan yarda a shiga da tirelar ba.

Ranar farko muna ta murna, wajen Tombstone duwatsun nan masu tsini kamar an fere su, yara sai ihu suke, muka kwana a sansanin gwamnati da ke wajen kilomita 70, itacen wuta ma kyauta suke ajiyewa. Washegari muka ci gaba. Da muka tsaya cin abincin rana na buɗe ƙofar ɗakin sai da na ce innalillahi. Ƙura ce ko'ina, ba irin wadda za ka kaɗe ba, laushi gare ta kamar garin alkama, ta shiga cikin durowa, ta shiga cikin tukwane da murfinsu a rufe, har kan sallayata da na naɗe na sa a leda. Ƙofar kabad ɗaya ta ɓalle gaba ɗaya saboda gargada ta kwance kusoshin, kwalbar manja da na yi ta lallaɓawa tun daga shagon 'yan Afirka ta faɗo ta fashe ta bi ƙasan firji, kwana biyu ina gogewa. Daga ranar kullum da yamma aikin maigidan kenan ya bi kusoshi ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa, ni kuma na bi duk wata kafa na liƙe da salatif.

Sannan aka yi ruwa. Wani gishiri suke zubawa a hanyar don kwantar da ƙura, to in ruwa ya taɓa shi sai ta koma taɓo mai santsi kamar miyar kuɓewa, yana manne wa mota kamar siminti, fitilun bayan tirelar ma ba a ganin su. Kuma hanyar a ɗage take, tudu aka yi mata da tsakuwa don kar zafi ya narkar da ƙasar da ke daskare a ƙarƙashi, ba ta da kafaɗa, in ka zame sai ƙasa. Ina kallon hannun maigidan a kan sitiyari jijiyoyi duk sun tashi, ni kuma ba abin da nake sai hasbunallahu. Bayan mun wuce Eagle Plains da allon nan na da'irar Arctic inda kowa ke ɗaukar hoto, tayar tirelar ta fashe, duwatsun wurin kamar reza suke. Jek ɗinmu ya ƙi zama a taɓo. Wani dattijo ɗan ƙabilar Gwich'in daga Fort McPherson ya tsaya, bai yi wata doguwar magana ba ya ciro katako daga bayan motarsa ya sa a ƙarƙashin jek ɗin ya durƙusa cikin taɓon nan tare da maigidan har aka gama. Muka ba shi kuɗi ya ƙi, sai kilishi na ba shi, ya ɗanɗana yaji ya kama shi ya yi dariya ya ce su ma suna busar da nama amma ba sa sa masa wuta haka. Har yau in na tuna shi sai na yi masa fatan alheri.

Shawarata ku ajiye ta a Dawson City ko Tombstone ku shiga da mota kawai, ku kama ɗaki a Eagle Plains da Inuvik tun da wuri don ɗakunan ba su da yawa.

Abu Yasir:
Ni ban yarda ba Maman Ikram, ki yi haƙuri. In zai ajiye ta to meye amfanin jan ta tun daga Edmonton? Turawa tsofaffi masu shekara 70 suna shiga da nasu kullum su fito. Abin duk a hankali ne, ka riƙe 50 zuwa 60, in ka hango babbar mota ka matsa gefe ka tsaya ta wuce don kar ta watso maka dutse a gilashi, in an yi ruwa ka yi zamanka a sansani har ta bushe. Ai daɗin ɗakin kenan, ba mai korar ka. Kuma kuɗin otal da abincin gidan abinci na mutum biyar a can arewa ba wasa ba ne, ga matsalar halal

Maman Ikram:
Yaya Abu Yasir waɗancan tsofaffin sun yi ritaya, wata uku gare su, in hanya ta ɓaci sai su zauna kwana huɗu suna shan shayi. Shi sati uku ya ce. Ka lissafa mana, kwana nawa zai kai Dawson da yara a mota?

Kawu Direba:
Da ƙananan yara da tirela kar ya sa ran ƙasa da kwana shida zuwa Dawson, in dai ba azabtar da su zai yi ba. Shida zuwa shida dawowa sha biyu kenan. Dempster shiga biyu fita biyu in komai ya tafi daidai, sha shida. Saura biyar, a ciki zai je Tuktoyaktuk wadda ke kilomita 138 gaba da Inuvik ita ma burji, ya huta, ya yi wanki. Ga kogi biyu da ake haye su da jirgin fito, Peel kusa da Fort McPherson da Mackenzie wajen Tsiigehtchic, kyauta ne amma ba sa aiki tsakar dare kuma in ruwa ya cika ko ya kwaso itatuwa sai a dakatar, kana ji kana gani za ka zauna. Hawa jirgin ma akwai gangara, doguwar tirela takan goga gindinta a ƙasa. Ga wutar daji, ku tuna 2023 da aka kwashe mutanen Yellowknife kaf, 2024 kuma aka kwashe na Fort Nelson, hanya ɗaya ce in an rufe ta an rufe. Ni ba na cewa ba za ta yiwu ba Abu Yasir, cewa nake ba shi da rarar kwana

Abu Yasir:
To wannan kuma gaskiya ne Kawu, ban yi lissafin kwanakin ba. Amma har yanzu ina ganin in ya samu ƙarin sati ɗaya ya shiga da abarsa

Hajiya Babba:
Ni dai tun ɗazu ina karantawa na yi shiru amma abin ya ƙi zama a cikina. Baban Hanifa kai ɗana ne don haka zan faɗa maka. Wannan kuɗin man da za ka ƙona ka je ka kalli ruwan sanyi ka dawo, ba gara ka tara ka kai yaran nan gida su ga kakarsu ba? Mahaifiyarka tana raye fa. Yaran nan Hausarsu ma tana neman guduwa. Mu da muka zo ƙasar nan ba yawon buɗe ido ya kawo mu ba, akwai na baya suna kallon hannunmu, wani kuɗin makaranta wani na asibiti. Kuma ka kwashi mace da yara ka shiga jejin da ba sabis ba asibiti ba ɗan'uwa, in wani abu ya faru wa za ka kira? Ni ban ga dalili ba wlh

Baban Hanifa:
Hajiya na gode, kuma na san don Allah kika faɗa. Bara waccan mun je gida dukkanmu mun yi wata guda, kuma abin da nake aika wa Inna duk wata ba zan taɓa shi ba saboda wannan tafiya, na rantse. Amma Hajiya shekarata 11 a ƙasar nan, daga gida sai wurin aiki sai masallaci sai kasuwa, hunturu ya zo mu kulle wata biyar. Rannan Hanifa ta zo da aikin makaranta a kan yankunan arewa tana tambayata, na rasa abin da zan ce mata, ƙasar da aka haife ta ban san komai nata ba sai hanyar filin jirgi. Abin ya tsaya min a rai

Ummi:
Hajiya Allah ya ƙara girma, ki yafe min in sa baki, ni nan na girma Hausata ba ta da ƙarfi sosai. Abbanmu bai taɓa kai mu ko'ina ba sai gida Najeriya duk bayan shekara uku kuma muna son zuwa wlh, amma sau ɗaya tak ya kai mu zango bakin wani tafki kwana uku, shi ya dafa mana shayi a kan itace yana ba mu labarin yadda suke kiwo yana yaro, da Hausa, ba waya ba talabijin. A kwana ukun nan na ji Hausa daga bakinsa fiye da shekara guda a gida don a gida kullum yana aiki. Ya rasu yanzu. Abin da na fi tunawa da shi kenan

Hajiya Babba:
Allah ya jiƙansa Ummi, ya sa ya huta. Kin sa ni hawaye. Ni ban ce haramun ba ne, tsoro nake ji. To in dai sai an je, a bar min maganar shiga da ɗakin nan cikin taɓo, a bi ta Maman Ikram

Ɗan Kurna:
Amin. Ni wata tambaya ke cina, an ce can rana ba ta faɗuwa, to sallar magariba fa?

Malam Winnipeg:
Amin ya Allah. Tambaya mai kyau, dama ita nake jira. A Inuvik akwai kwana 56 a bazara da rana ba ta faɗuwa sam, daga ƙarshen Mayu zuwa bayan tsakiyar Yuli, da hunturu kuma kusan wata guda ba ta fitowa. Salla ba ta faɗuwa saboda haka. Asalin hukuncin yana cikin hadisin Dujal da Muslim ya ruwaito, inda aka ambaci yini mai tsawon shekara, sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya ta isa, Manzon Allah SAW ya ce a'a, a ƙaddara masa lokacinsa. Daga nan malaman zamani suka kasu, wasu suka ce a bi lokacin gari mafi kusa da ake rarrabe dare da rana, wasu suka ce a bi na Makka. Kai matafiyi kar ka wahalar da kanka, in ka isa ka bi jadawalin jama'ar garin, kar ka je ka buɗe musu sabuwar muhawara.

Kuma Baban Hanifa in ka je ka gaishe min da masallacin Inuvik don daga garinmu ya tashi. A nan Winnipeg aka ƙera shi a 2010, aka ɗora shi a kan babbar mota har Hay River, daga can aka sa shi a jirgin ruwa ya bi kogin Mackenzie har Inuvik, tafiyar sama da kilomita 4,000. Kafin ya iso, a cikin wata 'yar tirela musulmin garin suke salla. Ba su da yawa, wajen mutum ɗari, da 'yan Sudan da Labanan da Masar, da yawansu tasi suke ja, kuma suna da rumbun raba abinci ga mabuƙatan garin ba tare da duba addini ba. Whitehorse ma akwai masallaci tun 2018, ka daidaita tafiyarka Juma'a ta same ka a ɗaya daga ciki.

Abu Yasir:
Allah gafarta Malam, to ƙasaru fa? Wani ya taɓa ce min wanda ke tafe da gidansa da iyalinsa ba matafiyi ba ne, kuma wai tafiyar shaƙatawa ba a mata ƙasaru

Malam Winnipeg:
Malamanmu na Malikiyya sun yi magana mai kama da wannan tun da daɗewa, suka ce matuƙin jirgin ruwa ko da iyalinsa na cikin jirgin tare da shi yana ƙasaru. Don haka ɗaki mai taya bai hana ba. Nisan kuwa barid huɗu ne, kilomita 80 da ɗoriya, shi ya ninka wannan sau nawa. In ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ɗaya sai ya cika. Maganar shaƙatawa, abin da suka ƙi shi ne tafiyar saɓo da ta wasan banza, shi kuwa ya gyara niyya, zai ziyarci 'yan'uwa musulmi da ke can ƙarshen ƙasa, zai nuna wa 'ya'yansa halittar Ubangiji. Abu ɗaya da zai ba ka mamaki, alƙibla. Nan Kanada mun saba fuskantar arewa maso gabas, to a Inuvik kusan arewa sak za ka kalla, don ta saman duniya hanyar Makka ta fi kusa. Ka sauke manhajar da ke aiki ba intanet tun kana gida

Maman Ikram:
Wlh Malam ka tuna min. Daren da muka isa ƙarfe sha biyu rana tana nan kamar la'asar sakaliya, yara na wasa da keke a titi, Ikram ta ƙi barci ta ce ba a yi magariba ba. Sai da na liƙe tagogi da takardar nan mai ƙyalli ta naɗe abinci, ashe haka 'yan garin ma suke yi. Da muka shiga masallacin kuwa, ɗan ƙarami da hasumiyarsa, wata 'yar Sudan ta rungume ni kamar ta san ni, da ta ji mu Hausawa ne ta ce unguwarsu a can akwai Hausawa maƙwabtansu, har da sannu ta iya. Na zauna a kan kafet ɗin nan na yi kuka, ban san dalili ba. Garin kansa abin kallo ne, gidaje a kan ƙafafu don kar ɗuminsu ya narkar da ƙasa, bututun ruwa duk a sama suke bi cikin akwati maimakon a binne, ga coci mai siffar ɗakin ƙanƙara, ga tsohon filin wasan ƙanƙara da suka mayar lambu suna shuka kayan miya a ciki. Sauro kuwa kar a yi magana, na Hadeja-Nguru yara ne, ku tafi da ragar rufe fuska

Kawu Direba:
In yana so ya rage sauro ya tafi cikin Agusta, amma a lokacin rana ta fara faɗuwa, ba zai ga ta tsakar dare ba, kuma da sanyi da safe. Kowanne da ribarsa. Sannan in ka ƙetara daga yankin Yukon inda Dawson City take zuwa yankin Arewa maso Yamma inda Inuvik take agogo yana ƙara awa ɗaya a bazara, mutane suna mantawa su makara jirgin fito. Wurin iyakar nan cikin duwatsun Richardson akwai iskar da na ga ta kwantar da babbar mota, ita ma dalili ce da nake cewa a ajiye ɗakin

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum, ni ce maman yaran, Baban Hanifa ya nuna min na karanta duka. Na gode muku Allah ya bar zumunci. Hajiya kin faɗi abin da ke raina ban iya faɗa ba. Ni ina son zuwa, tun da na ji labarin masallacin nan nake so in yi salla a ciki ko raka'a biyu ce. Tsorona ɗaya ne, autanmu yana da asma, ƙurar da Maman Ikram ta kwatanta in ta shiga inda zai kwana ban san yadda za mu yi ba, ga ba sabis. Baban Hanifa ban faɗa maka ba don na ga yadda ka ƙwallafa rai

Baban Hanifa:
Subhanallah. Ai da kin faɗa tun farko. Shi kenan magana ta ƙare, tirela ba za ta shiga Dempster ba, za mu ajiye ta a Dawson. Abu Yasir ka yi haƙuri

Abu Yasir:
Haba ba komai, ni ban san da maganar yaro ba. Lafiyarsa ta fi

Injiniya Fort Mac:
Madalla. Amma ko da mota kawai, safaya biyu cikakku ba 'yar siririyar nan ba, da famfon taya da kayan faci. Ku ga likitan yaron kafin ku tashi, maganin shaƙarsa kashi biyu, ɗaya a jakar Maman Hanifa ɗaya a mota, in kuna cikin ƙura ku rufe gilashi ku sa iskar mota ta riƙa juyawa a ciki, ka canza matatar iskar kafin tafiya. Akwai asibiti a Inuvik da Dawson da Whitehorse, Fort McPherson kuma cibiyar lafiya. Ina da na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, ba ta buƙatar sabis, zan ba ka aro. Kuma in kun kwana a sansani kar a bar ko ɓawon ayaba a waje saboda beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai haɗari, kilishi da daddawa a kulle cikin mota, ka sayi feshin korar ta ka koyi yadda ake amfani da shi tun a gida

Maman Ikram:
Maman Hanifa zan kira ki in an jima in faɗa miki abin da na ɗauka da wanda na yi da-na-sanin ɗauka. Garin tuwo da kuka da yaji da dambun nama ki yi guzuri da yawa, bayan Whitehorse kar ki sa ran samun naman halal, sai kifi. Kuma in kun je Tuktoyaktuk ku tambaya kafin ku ɗauki hoton mutane ko rumfunan busar da kifinsu, garinsu ne ƙarami kuma teku na cinye musu gaɓa har an fara janye gidaje, suna da abin da ya dame su

Ɗan Kurna:
Yaya wata alfarma, na ga hoton wani wuri a hanyar da mutane ke kafa allunan garuruwansu, gaskiya ne?

Kawu Direba:
Watson Lake kenan. Wani sojan Amurka da kewar gida ta dama ya fara kafa allon garinsu a 1942, yanzu sun haura dubu 80. Na daɗe ina dubawa in na tsaya, ban ci karo da na Damagaram ba

Ɗan Kurna:
To dan Allah a rubuta Kurna Kano a kafa min, ko a murfin tukunya ne

Baban Hanifa:
An gama ƙanena, Hanifa ce za ta rubuta da hannunta, da na Kurna da na Damagaram da na Inna. Kawu ranar Asabar kana gida? Ina so in kai ta sikeli da safe in wuce wurinka ka duba min birkinta da ƙafafun, ban san rabon da a sa musu giris ba

Kawu Direba:
Ina nan. Awa biyar ne da tirela, ka taso da wuri. Ka zo da takardar sikelin da jek ɗin da kake da shi in gani, kuma kar ka ci abinci a hanya, gwaggonku za ta yi tuwo